Layin Alli a Bangon Ɗakina: Yadda Nake Neman Ƙarfina Bayan Sankarar Mama

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Kwana goma sha takwas ke nan da aka yi mini gashin na'ura na ƙarshe a Abuja, wanda ya cike na goma sha biyar, wato hasken da ake haska wurin da shi don kashe ƙwayoyin sankara. Kafin shi na sha ƙarin ruwan kemo, maganin sankara da ake sa wa ta jijiya, sau takwas, daga Afrilu zuwa Satumban bara, a Oktoba kuma aka cire mini maman dama baki ɗaya, aka haɗa da kaluluwar da ke hammata. Tun da na dawo Gwammaja a Kano, gidanmu bai yanke da 'yan sannu ba. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Malama, an gama, sai godiyar Allah." Ni ma alhamdu lillahi nake cewa har cikin zuciyata, don na san wasu da muka fara zaman layi tare ba su kai yau ba. Amma da an watse, ɗankwali ma ba na iya ɗaurawa sai babbar 'yata ta kama mini. Daga ɗaki zuwa kicin sai na dafa bango.

Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin shirya darasi, na ce zan riƙa rubuta halin da nake ciki. Shekara goma sha tara ina koyar da 'yan firamare, kuma abin da nake fara yi kowace safiya shi ne in miƙa hannu can ƙuryar allo ta sama in rubuta kwanan wata. Wurin nan nake so hannuna ya koma.

Bayan tiyata an koya mini motsa kafaɗa, har na iya ɗaga hannun yadda na'urar take buƙata. Gashin ya sake ɗaure shi, fatar ƙirji ta yi baƙi ta tamke kamar fatar ganga. Ma'aikaciyar da ke koya mana motsa gaɓɓai ta ce haka yake yi, kuma idan na ƙyale shi kafaɗar za ta iya sandarewa. Ta nuna mini in fuskanci bango, in ɗora yatsu, in riƙa hawa da su kaɗan-kaɗan kamar ƙadangare har inda zan ji ja, ba inda zan ji zafi ba, in tsaya in ja numfashi, sannan in sauko. Sau goma, safe da rana da dare. Yau na sa autana ya ja layi da alli a inda hannun hagu ya kai, ya ja wani a inda na dama ya tsaya. Muka auna da tef ɗin tela. Santimita 34 ne tsakaninsu.

Ga kuma ƙwayar tamoksifen, miligiram 20, guda ɗaya kullum. Gwajin ƙullutun ya nuna irin sankarar da sinadarin mata na istirojin yake ciyarwa ce, ita kuma ƙwayar tana tare mata wannan hanya. Likita ya ce aƙalla shekara biyar, mai yiwuwa a ƙara zuwa goma. Na yi lissafin shekara biyar ɗin, ya haura ƙwaya 1,800. Na sha goma sha biyu.

Asabar, 27 ga Janairu

Hunturun bana ya kama ni da kyau. Inda aka gasa yana saɓa, yana ƙaiƙayi, kuma an hana ni sosawa. Sabulu marar ƙamshi, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sai man kaɗanya safe da dare daga kafaɗa har tsakanin yatsu. An ja kunnena sosai a kan fatar hannun nan. Tun da aka cire kaluluwa, ruwan jiki ba ya samun hanyar wucewa kamar da, kuma ɗan faso ko cizon sauro da aka sosa ya isa ya zama ƙofar ƙwayoyin cuta.

Wata jijiya ta miƙe mini daga hammata zuwa gwiwar hannu kamar tsirkiyar baka. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya dawo. A asibiti suka ce abu ne da aka sani bayan irin wannan tiyata, tausa da miƙewa suna sakinta. Tazarar layi ta koma santimita 29.

Na fara fita bayan sallar asuba tare da ƙanwata. Ranar farko minti bakwai na yi, na dawo na kwanta har hantsi. Na yi wa likita ƙorafin cewa gajiya ta hana ni tafiya, sai ya ce tafiyar ce maganin gajiyar, in dai ana ƙarawa a hankali. Abin da ake so babba ya samu shi ne minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wato rabin awa sau biyar. Wannan makon na haɗa minti 50.

Talata, 20 ga Fabrairu

Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo da jarkar tsimi da ƙullin gari. Ta ce, "'Yar nan, na asibiti ya yi nasa, ki ajiye ƙwayar nan haka, ki sha wannan ya wanke miki dafin." Don ƙauna ta yi, na sani. Kuɗinta ta cire ta saya, kuma ita ta riƙe mini yara duk zamana a Abuja.

Na rasa bakin da zan ce mata a'a. Sai na ba ta labarin da ban taɓa ba ta ba. Lokacin da na fara jin ƙullutun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ba ya ciwo. Aka ce mini daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya watsu. Wata biyar ina shafe-shafe da turare a ɓoye. Ranar da na je asibiti ya kai ƙwan kaza, ya riga ya taɓa hammata. Na ce, "Hajiya, watannin nan biyar su suka ci mini mama. Ina roƙonki kada ki sa in ƙara wasu." Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Jarkar tana bayan ƙofa, ban buɗe ba. Addu'a da tofi ina yi kullum, amma duk abin da zai shiga cikina sai na tambayi likita, domin akwai ganyaye da magunguna da ke rage wa ƙwayar ƙarfi ko su wahalar da hanta.

Suma ta fito, gajera mai laushi kamar ta jinjiri, da furfura fiye da da. Baƙin farce yana gangarowa, sabo yana tura shi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na daɗe ban rubuta ba, azumi ne ya shigo. An ɗauka ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah ranar Laraba da ta wuce. Kafin nan na tambayi likita, ya ce tun da ƙwayar sau ɗaya ce a rana zan iya mayar da ita bayan shan ruwa, in dai a lokaci guda kullum, kuma duk ranar da na ji jiri ko bugun zuciya in karya. Malaminmu na Islamiyya ya karanto mana ayar Baƙara da ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Na samu ashirin da biyu, na sha takwas. Zan rama idan sanyi ya shigo, in sha Allahu.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska ba sallama, sai zufa ta jiƙa ni sharkaf, ga zafin Kano na wannan lokaci da ke haura digiri 40. Al'ada ta ɗauke tun ruwan kemo na uku. Tulu na ajiye kusa da gado da ɗan tawul, na daina sa komai sai auduga. Buɗe-baki kuma na sauya shi. Ƙosai da soyayyen dankali sun koma ɗan taɓawa, na fi cin alala da kwaɗon zogale da kankana, kunun tsamiya ba sukari mai yawa. Na ƙara kilo bakwai a lokacin magani, kuma an gaya mini ƙiba ba ta yi wa mai irin ciwona daɗi, domin kitse ma yana samar da istirojin. Kilo biyu sun sauka.

Sai maganar kayan Sallah. Tun bayan tiyata nake cusa auduga a rigar mama, amma ba ta da nauyi, da na ɗaga hannu sai ta haura har wuya. Maman roba da ake sayarwa kuɗinsa ya fi ƙarfina yanzu. Ƙanwata ta ɗinka wa rigar aljihu ta ciki, ta yi ɗan matashi da yadi mai laushi, ta sa auduga a gaba, ta zuba gero cikin 'yar jaka a ƙasa don ya ja shi. Muka yi ta ragewa da ƙarawa da cokali har ya daidaita da na hagu. Ranar idi na sa atamfata na tsaya gaban madubi, karo na farko da na kalli kaina daga sama har ƙasa tun Oktoba. Na yi kuka, sannan na sa kwalli na fita.

Maigidan bai taɓa ce mini komai a kan tabon ba sai alheri. Masu cewa ya kamata ya ƙara aure tun ina kwance, maganarsu ta iso kunnena. Wata dare na tambaye shi kai tsaye, muka yi maganar da muka shekara muna kauce mata. Iya abin da zan rubuta ke nan.

Tazarar layi: santimita 17.

Litinin, 29 ga Afrilu

Na koma makaranta. Shugaban ya rage mini darussa zuwa biyu a rana, Allah ya saka masa. Yara suka miƙe da gaisuwa, na ɗauki alli, hannun ya tsaya a tsakiyar allo. A nan na rubuta kwanan wata. Alli ya suɓuce mini sau uku, domin kan yatsuna har yanzu a mace suke tun ruwan kemo huɗu na ƙarshe, kamar na sa safar hannu. Wata yarinya a layin gaba ta riƙa tsince mini ba tare da na ce ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mantuwa. Yaron da na koyar shekara biyu na kalle shi sunansa ya ɓace mini. A layin asibiti na ji wasu ma suna faɗin haka. Yanzu komai sai na rubuta a takarda na sa a jaka.

Asabar, 22 ga Yuni

Na yi ganganci, kuma ina so in rubuta shi yadda ya faru don kada in sake.

Ranar Lahadi aka yi Babbar Sallah. Washegari aka zauna aikin nama, na ji ƙarfi a jikina, na ce ba zan zauna ina kallo ba. Wuƙa ta ɗan yanke ni a babban yatsan dama, yankan da ko jini sosai bai yi ba. Na goge da gefen zane na ci gaba, sannan na tsaya kan suya har la'asar. Daren Talata na farka da rawar ɗari. Hannun ya yi ja daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ya yi zafi kamar an ɗora a murhu, zoben da ke yatsana ya nutse. Babbar 'yata ta ce, "Umma, ba za mu jira safe ba." Ita ta tashi babanta. A asibiti suka ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙarƙashin fata, suka fara mini maganin kashe su nan take, ta hannun hagu, suka zagaye jan da biro don a ga ko yana ƙaruwa. Kwana biyu na yi a kwance. Jan ya ja baya, sauran maganin ina sha a gida, kuma an ce in shanye shi duka ko na ji sauƙi.

Kumburin dai bai koma ba. Sun auna hannuwan biyu a wuri huɗu, na dama ya fi da santimita uku a dantse, kuma daga biyu ake fara ɗaukarsa da muhimmanci. Irin wannan kumburi ba a cika rabuwa da shi gaba ɗaya ba, lallaɓa shi ake yi. An rubuta mini safar matse hannu da zan sa da rana, an koya mini shafa fata a hankali daga hannu zuwa sama, da ɗora shi kan matashi idan zan kwanta. Safar roba ta wanke-wanke yanzu tana rataye kusa da wuƙaƙe. Yanka komai ƙanƙantarsa, sabulu da ruwa da maganin miki nan take. Awon jini da allura, hagu. Baƙin lalle kuma na haƙura da shi a wannan hannun.

Kwana biyar ban taɓa bango ba. Tazara ta koma 14 daga 11.

Litinin, 5 ga Agusta

Dokar hana fita da aka sa tun ranar Alhamis saboda zanga-zanga ta hana ni zuwa Gidan Mumbayya, inda nake juyowa kowace asuba. Tsakar gida nake zagayawa, autana yana ƙirga mini. Sauran ƙwaya shida a kwali lokacin da aka rufe gari, hankalina bai kwanta ba sai da aka sassauta aka sayo. Daga yau ba zan bari ta gaza ta wata guda a gida ba.

An fara ba ni ɗaga nauyi. Da robar ruwa ta rabin lita na fara, da safar a hannu. Da can cewa ake yi kada mai irin hannuna ta ɗauki komai, yanzu sun ce ƙarawa a hankali ba ya tayar da kumburi, ƙarfi yake sa wa.

Litinin, 23 ga Satumba

Yayata ta layin asibiti ta rasu. Ba uwa ɗaya muke ba, a kan benci muka haɗu ranar kemona na farko, ita tana na biyar. Ita ta ce in riƙa tsotsar lemon tsami idan bakina ya yi ɗaci, ita ta gaya mini kada in firgita idan na ga fitsari ya yi ja bayan jan ruwan nan. Daga wajen gari take zuwa. Da ta ji sauƙi ta daina zuwa ganin likita, ta daina sayen ƙwaya, ta ce kuɗin mota kaɗai ya isa abincin kwana uku. Ciwon ya dawo mata a ƙashi da huhu. Kwananta ne ya ƙare, kuma ba ni da ikon cewa da ta ci gaba da sha da tana nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata huɗu ban kira ta ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Kwana biyu da jin rasuwar bayana ya fara ciwo. Ban yi barci ba kwana goma. Duk motsin da na ji a jikina sai in ce shi ke nan. Na kasa jira ranar da aka ba ni, na je. Likita bai yi mini faɗa ba. Ya duba, ya tura ni hoto, aka ce ƙashi lafiya, tsayuwar aji ce da nauyin da ya karkata gefe guda. Ya ce, "Malama, ga abin da za ki riƙe," ya lissafa mini: sabon ƙullutu a tabo ko a ɗaya maman ko a wuya, ciwon ƙashi da ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, tari ko haki da ya ƙi tafiya, ciwon kai marar sauka, rama ba dalili. Saboda ƙwayar kuma, zubar jini da ba a saba ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, wannan ba a kwana da shi. Na rubuta su a bangon littafin nan na ciki. Tun da na san abin da zan tsorata da shi, sauran ƙananan ciwuka sun rage cin raina.

Mu shida da muka rage cikin 'yan layin asibiti mun buɗe adashi a WhatsApp, na kuɗin mota da ƙwaya kawai. Kowace Juma'a sai kowa ta amsa cewa ta sha nata na makon. Wadda ta yi shiru, a kira ta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Shekara guda da tiyata. An yi wa maman hagu hoton mamogiram, na'urar ta matse shi har na ciji leɓe, sakamako ya fito lafiya. Haka za a riƙa yi duk shekara.

Wuta ta ɗauke a kusan duk Arewa tun farkon mako, dare ba fanka, zufa ta dawo sabuwa. A tsakar gida nake kwana cikin gidan sauro.

Da yake Oktoba ne watan wayar da kai a kan wannan ciwo, malamar Islamiyyarmu ta matan aure ta ce in yi magana. Na so in ƙi, domin har yau akwai maƙwabtan da suke zaton taifot na yi. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na gaya musu alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022: mata miliyan 2.3 aka gano suna da shi a duniya, 670,000 suka rasu. A Nijeriya sama da 32,000 aka ƙiyasta sun kamu a shekarar, waɗanda suka rasu sun kai kimanin rabin haka. A ƙasashe masu arziki sama da tara cikin goma suna haura shekara biyar, kuma babban bambancin shi ne su da wuri suke zuwa, mu sai ya fashe. Sannan na ajiye takardar na ba su labarin ƙwayar gyaɗata da watanni biyar. Na nuna musu yadda ake dubawa da tafin yatsu uku, 'yan kwanaki bayan an gama al'ada, har cikin hammata. Na ce yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma ba hannunmu ne zai tantance ba.

Da aka tashi wata matashiya mai goyo ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce, "Anti, ni ina jin wani abu, wata uku ke nan, an ce mini nono ne ya daskare." Ranar Litinin zan raka ta. Ƙannena mata biyu ma na sa sun je sun gaya wa likita cewa yayarsu ta yi.

Litinin, 2 ga Disamba

Sanyi ya fara, na rama azumi uku cikin takwas.

Jiya na tuƙa tuwon gidan nan da kaina, na mutum bakwai, da muciya a hannun dama, na huta sau biyu. Kumburin dantse ya tsaya a santimita biyu. Tafiya ta kai minti 160 a mako, kilo biyar sun sauka cikin bakwai. Yatsun hannu sun farfaɗo, na ƙafa har yanzu. Bashin Abuja saura kashi ɗaya cikin uku. Yarinyar nan mai goyo an ɗebi ɗan naman ƙullutun an kai gwaji, muna jiran sakamako, ina kiranta duk bayan kwana biyu.

Da safen nan na shiga aji, na ɗauki alli, na miƙa hannu. Ya kai ƙuryar sama, da ɗan ja a hammata. Na rubuta "Litinin, 2 ga Disamba, 2024", rubutun ya ɗan karkace a ƙarshe. Yaran ba su lura ba, suna ta neman fensir. Na tsaya ina kallonsa har sai da mai tsince mini alli ta ce, "Malama, mu kwafa?"

A bangon gida tazara saura santimita 3. An ce kada in daina hawan bango ko layukan sun haɗu, domin naman da aka gasa yana iya ci gaba da tamkewa shekaru. Ganin likita na gaba 14 ga Janairu. Kafin nan ina so in gwada hawa Dutsen Dala tare da ƙanwata, ko da rabinsa ne, da sassafe kafin rana ta yi. Safar hannun ta fara saki, sai an sayi sabuwa idan albashi ya shigo. Ƙwayar daren yau ita ce ta 341.